Curin Ɓaure a Kan Maruru: Magani, Shawara da Addu'a Wajen Jinyar Mashaya

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-11

Labarin ciwon sarki Hezekiya sananne ne gare mu tun muna makarantar Lahadi, amma akwai aya guda a cikinsa wadda masu wa'azi sukan tsallake, don suna hanzarin kaiwa ga al'ajabin inuwar da ta koma baya. Sarki ya kwanta, rai a hannun Allah. Annabi Ishaya ya zo ya faɗa masa ya kintsa al'amuran gidansa, gama ba zai tashi ba. Hezekiya ya juya wajen bango, ya yi roƙo da kuka mai zafi. Annabin bai gama fita daga fada ba sai Ubangiji ya komo da shi da sabon saƙo, cewa an ji roƙon sarki, an kuma ƙara masa shekara 15. Sa'an nan a aya ta 7 annabin nan ya sa aka kawo curin ɓaure, aka ɗora a kan marurun, sarki ya warke.

Ku duba yadda abin ya jeru. Allah ya riga ya yi alkawari, magana ta ƙare, duk da haka aka aika a nemo ɓaure. Bakin da ya kawo alkawarin, shi ne kuma ya faɗi maganin. Ishaya bai ji tsoro kada ɓaure ya rage wa Ubangiji ɗaukaka ba, Hezekiya kuma bai ture hannun mai ɗora masa ba da sunan bangaskiya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan nassi shi ne wata tambaya da ke ta zuwa teburin wannan mujalla, daga iyaye, daga matan aure, wani lokaci daga fastoci da kansu. Wata uwa cikin zumuntar mata, daga wajen Kubwa, ta rubuto ta a fili. Ɗanta ya yi shekara huɗu yana shan tiramadol, aka kai shi asibiti, likita ya ɗora shi a kan magani, yana kuma zuwa ganin mai ba da shawara kowane mako. Ya fara cin abinci, ya koma wurin aikinsa na walda. Sai wani mai addu'a ya ce mata muddin yaron yana haɗiyar ƙwaya bai sami 'yanci ba, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Ya ce a zubar da maganin, a shiga azumi. Tambayarta ita ce, wa za ta bi? Amsata gare ta, da duk mai irin wannan damuwa, ita ce kada a zubar da maganin, kada kuma a daina addu'a. Bari in faɗi dalili.

Da fari mu san girman abin. A watan Janairu 2019 aka ƙaddamar a nan Abuja da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wata ƙwaya mai sa maye cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafi dangin ofiyom suka sha ba bisa ƙa'ida ba, irin su tiramadol da kodin. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Kafin wannan, a Mayu 2018, gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona yadda ake sayar da shi ta bayan fage. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Tiramadol ɗin da doka ta yarda da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, wanda hukumar NDLEA take kamawa kuwa yakan kai 225 ko 250. A Fabrairu 2025 wani rahoton BBC ya sake nuna yadda ake shigo da wata sabuwar haɗaɗɗiyar ƙwaya daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma. Ga kuma giyar leda, wadda hukumar NAFDAC ta sanar da hana ta a 2024 aka yi ta ja-in-ja.

Wanda yake zaune a Nyanya, ko Mpape, ko Dei-Dei, ko Mararaba, ba ya bukatar a karanta masa lissafi. Ya ga lebura mai ɗaukar bulo da ya fara sha don ya jure wa aikin yini. Ya ga ɗan acaɓa, ya ga ɗalibi, ya ga matar aure da ta fara da ciwon baya bayan haihuwa. Da yawansu sunayensu suna cikin littafin ikilisiyoyinmu. Waɗansu suna cikin ƙungiyar mawaƙa.

Ba na cikin masu cewa ba ruwan shaye-shaye da zunubi. Littafi Mai Tsarki bai sassauta wa buguwa ba, Karin Magana 23 ta zana mashayi yadda ko likita ba zai fi ta ba. Akwai zaɓi a farkon hanyar, akwai ƙarya da sata da cin amana a tsakiyarta, dukansu kuwa suna bukatar tuba. Amma zunubi yakan bar tabo a jiki, tuba kuma ba ta cika share tabon nan take ba. Mutumin da ya yi tuƙin ganganci ya karye ƙafa, in ya tuba an gafarta masa, sai dai har yanzu ƙafar tana jiran mai ɗori. Haka ƙwaƙwalwar da ta daɗe tana shan ƙwaya take. Ta riga ta sake saitinta don ta zauna da ƙwayar. Abin da guda ɗaya take yi da, yanzu sai biyar. Ranar da aka rasa, jiki yakan tayar da ƙayar baya: gumi, hamma, zawo, amai, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, da wata irin ƙishirwar ƙwayar da wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ta ba. A wannan mataki mutum ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi. Shi ya sa za ka ga saurayi ya fito gaban bagade ran Lahadi yana hawaye na gaskiya, ran Laraba kuma yana bayan tasha. Ba lallai munafunci ba ne. Wanda ya karanta Romawa 7 da natsuwa ya san akwai yaƙi tsakanin nufin mutum da gaɓoɓinsa.

Batun giya ya fi haɗari ma, ina roƙon dattawa su riƙe wannan da kyau. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sha kullum, ko burkutu ne, ko ogogoro, ko ta kwalba, in ya tsaya farat ɗaya, zai iya mutuwa saboda tsayawar. Rawar hannu takan fara cikin sa'o'i kaɗan. Farfaɗiya tana iya biyo baya. A kwana na biyu zuwa na uku waɗansu sukan ruɗe, su yi ta ganin ƙwari da macizai a bango, zuciya tana bugu, jiki ya yi zafi. Wanda bai sani ba sai ya ce aljanu ne suke fita, a ƙara ƙarfin addu'a. Alhali mutumin yana bakin kabari ne, abin da yake bukata kuwa gadon asibiti ne, da ruwa, da maganin kwantar da jijiyoyi irin su diyazafam na 'yan kwanaki a ƙarƙashin idon likita, da bitamin B1 don kada ƙwaƙwalwa ta lalace. A yi addu'ar a gefen gadon. Kulle irin wannan mutum a ɗaki da azumin kwana uku wasa ne da rai.

Bayan an wuce kwanakin farko, akwai magungunan da suke taimaka wa mai barin giya ya tsaya. Naltirezon yana rage daɗin da ake ji daga giya, da marmarinta. Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 1994. Akamfurosat, wanda aka fara amfani da shi a Faransa, yana kwantar da ƙwaƙwalwar da ta saba da giya. Disalfiram shi ne tsohonsu, tun wajen 1951, aikinsa kuwa shi ne in ka sha giya a kansa sai fuska ta yi ja, amai ya taso, zuciya ta yi ta dukan uku-uku. A nan zan ja kunnen iyayenmu mata. Kada a sayo wannan magani a zuba wa maigida cikin miya a ɓoye. Yana iya kashe mai ciwon zuciya ko na hanta, kuma ba ya aiki sai ga wanda ya sani ya yarda. Ko ɗaya cikin ukun nan ba ya sa maye.

Gardamar ta fi zafi a kan magungunan masu shan dangin ofiyom, wato metadon da bufurenofin, domin su ma daga wannan dangi suke. A nan ne mai addu'ar nan ya sami abin kamawa, ba kuwa za mu ce tambayarsa ta wauta ce ba. Ga bambancin. Ƙwayar bayan tasha tana ɗaga mutum sama ta yar da shi cikin sa'o'i kaɗan, sai yininsa duka ya zama neman kuɗi, neman dila, sha, da sake nema. Metadon kuwa, in likita ya auna shi daidai, sau ɗaya ake sha a yini, yana aiki a hankali, ba ya ɗaga mutum, ba ya yar da shi. Ƙishirwar takan kwanta. Mutum ya iya tashi da safe ya tafi aiki, ya zauna da 'ya'yansa, ya saurari wa'azi har ƙarshe. Likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, su suka fara gwada wannan hanya a birnin New York a tsakiyar shekarun 1960. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa metadon da bufurenofin cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Darussalam a 2011, Kenya ta bi a 2014, Senegal ma ta buɗe cibiyarta a Dakar a ƙarshen wannan shekara. Bincike na shekaru masu yawa a ƙasashe dabam-dabam ya nuna waɗanda suke kan waɗannan magunguna, haɗarin mutuwarsu yakan ragu da kusan rabi ko fiye.

Dalilin wannan abin tsoro ne, ya kamata kowane iyali su san shi. Wanda aka tsare wata biyu bai sha ba, ko a gida, ko a kurkuku, ko a gidan addu'a, jikinsa ya manta da yawan da ya saba ɗauka. Ranar da ya fito ya zame, sai ya sha adadin da yake sha da, numfashi ya tsaya. Makonnin farko bayan an daina, su ne mafi haɗari. Saboda haka wanda ya ce wa mai jinya ya zubar da maganinsa yau, ya ɗauki nauyin da bai san girmansa ba. Rage magani ko daina shi aikin likita ne da mai jinyar, a hankali, wani cikin watanni, wani cikin shekaru. Ba mu taɓa tsayar da mai ciwon sukari a gaban ikilisiya mu tambaye shi yaushe zai bar allurarsa ba.

Na san za a kawo mini sarki Asa. Gaskiya ne, 2 Tarihi 16:12 ta zarge shi cewa da ƙafafunsa suka kamu da ciwo, wurin masu magani ya nufa, bai nemi Ubangiji ba. Amma a karanta surar daga farko. Asa ya riga ya kwashe dukiyar Haikali ya sayi taimakon sarkin Suriya, da Hanani maigani ya tsauta masa kuwa, sai ya jefa shi a kurkuku. Zuciyarsa ta riga ta juya tun kafin ƙafarsa ta kumbura. Laifin Asa shi ne ya bar Ubangiji. Hezekiya ya nemi Ubangiji da hawaye, ya kuma karɓi ɓauren. Manzo Bulus da kansa ya yi tafiye-tafiyensa tare da Luka, wanda Kolosiyawa 4:14 ta shaida mana likita ne.

Iyayenmu a bangaskiya ba su ga saɓani a nan ba. Asibitin Vom tun 1922 yake, gidan kutare na Garkida ya biyo baya ba da daɗewa ba, asibitin Galmi a Nijar kuma tun 1950. A zamanin da mutane suke ɗaukar kuturta la'ana ce, 'yan mishan da ma'aikatansu 'yan ƙasa sun yi addu'a da safe, suka raba ƙwayar dafson da hantsi. Da yawa cikin ikilisiyoyinmu na karkara daga bakin irin waɗannan ɗakunan magani suka tsiro.

To, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, likitocin kirki kuma su ne na fari wajen faɗin haka. Magani yana kwantar da jiki, ba ya biyan bashin da mutum ya ci, ba ya komo da matar da ta yi yaji, ba ya sauya abokai. Ba ya kuma taɓa abin da ya kai mutum ga sha tun farko, ko baƙin ciki ne, ko zaman banza, ko abin da ido ya gani a lokacin rikici har ya hana barci. Mu da muke da 'yan'uwa da suka gudo Abuja daga garuruwan da aka ƙone, mun san wannan ba tatsuniya ba ce. Nan ne aikin mai ba da shawara, wanda aka horar. Yakan zauna da mai jinya su bi sawun abin: wane lokaci ne marmarin yake tasowa, wace hanya ce take bi ta gaban mai sayarwa, me zai yi ranar da aka biya albashi, me zai ce in tsohon aboki ya kira. Yakan kira iyali su ma, gama gida yana da nasa ciwon. In akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi, a yi jinyarsa tare. Ubangijinmu ya yi kashedi a Luka 11 game da gidan da aka share aka bar shi ba kowa. Magani yana share ɗakin, shawara da zumunci da aikin yi su ne masu zama a ciki.

Wannan ma ba baƙon tunani ba ne a ƙasarmu. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke zama a gidajen ƙauye tare da wani danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Duniya ta zo ta koya daga gare shi. A Turai kuwa, wani fasto ne, Louis-Lucien Rochat, ya kafa ƙungiyar Blue Cross a Janeba a 1877 don tsayawa tare da mashaya. Ƙungiyar nan ta mashayan da suke taimakon juna ba tare da bayyana suna ba, wadda aka fara a Akron ta Amurka a 1935, ɗaya cikin mutum biyu da suka kafa ta likita ne, kuma wata sista ce, Ignatia, ta buɗe musu ƙofar asibiti a 1939.

Akwai abin da ya wajaba a faɗa ko da ba daɗi. A Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan gyaran hali a Rigasa, Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa. Kada wani mai bi ya karanta wannan ya ce na waɗansu ne. A Nuwamba na wannan shekara ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton samun mutane a ɗaure a wuraren jinya iri-iri a Nijeriya, har da na Kirista, har da na gwamnati. A Markus 5, mutanen garin ne suka yi ta ɗaure mutumin nan na makabarta da sarƙa, ba ta kuwa yi amfani ba. Da Yesu ya gama da shi, a zaune aka same shi, da tufafi, cikin hankalinsa, aka kuma aike shi gida wurin danginsa. Yanzu ma doka ta shigo. A Janairu 2023 aka sanar da sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mai jinya haƙƙin a riƙe shi da mutunci.

Ina za a nufa a nan Babban Birnin Tarayya? Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa, akwai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, akwai kuma a Babban Asibitin Karu. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana da sashen masu shaye-shaye. Hukumar NDLEA, ban da kame, tana ba da shawara, a 2022 kuma ta buɗe layin waya na kyauta don masu neman taimako. Ba kowane magani da na ambata ake samu a kowane asibiti ba, musamman metadon da bufurenofin, waɗanda doka ta tsare ƙwarai. Likita ne zai duba abin da ya dace da wanda yake akwai. Kada kowa ya ɗauki sunayen nan ya tafi kemis. Naltirezon, alal misali, in aka ba wanda tiramadol bai gama fita daga jikinsa ba, zai jefa shi cikin azaba nan take, metadon kuma in ya haɗu da giya ko maganin barci yana iya tsayar da numfashi.

Saura namu. Jinya tana cin kuɗi, kuɗin mota daga Kuje ko Bwari zuwa asibiti kowane mako ma kaɗai ya isa ya sa iyali su karaya. Basamariyen nan na Luka 10, bayan ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya biya kuɗin masauƙi, ya kuma yi alkawarin komowa ya cika saura. Asusun jinƙai da yake biya wa gwauruwa kuɗin tiyata zai iya biya wa saurayi kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa. Dattijo ɗaya zai iya ɗaukar nauyin raka shi. Mai garejin da ke cikinmu zai iya ba shi wurin koyon aiki, yana sane da cewa wata rana zai makara.

Ina kuma roƙon majalisun dattawa su sake duban yadda ake horo. Wanda ya zo da kansa ya ce yana neman taimako, in abin da ya fara samu shi ne sanarwa daga bagade da kujerar baya, goma da suke kallo ba za su taɓa buɗe baki ba. Shan maganin da likita ya rubuta ba dalili ba ne na hana mutum Jibin Ubangiji. Kada kuma a yi hanzarin miƙa masa makarufo ya ba da shaida bayan mako biyu, gama in ya zame, kunya za ta hana shi komowa, zamewa kuwa abu ne da yakan faru a wannan jinya. Galatiyawa 6 ta ce da tawali'u ake komo da wanda ya faɗi. In ya zame, a mai da shi wurin likitansa a wannan mako, kada a jira taron dattawa na ƙarshen wata.

Abu ɗaya kuma da nake so shugabannin matasa da na zumuntar mata su koya wa mutanensu. In kuka sami wanda ya sha ƙwaya ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashinsa yana ja da ƙyar ko yana minshari mai nauyi, leɓunansa sun sake launi, ƙwayar idonsa ta tsuke, kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a nemi mota, a kai shi asibiti mafi kusa, a tafi da kwalin abin da ya sha, a kuma faɗa wa ma'aikata gaskiya. Akwai allurar da ake kira nalokson wadda take komo da numfashi cikin 'yan mintoci. Ƙarfinta yakan ƙare kafin na ƙwayar, saboda haka ko ya buɗe ido ya ce a tafi gida, a bar shi a gadon sai likita ya sallame shi.